Zane Uku a Gindin Gora

Rhoda ta Sahon Rami dai, mai kawo mana wake. Tun tana yarinya uwarta ta koya mata, kayan gida, ƙwarya ce ko bokiti, sai an gasa ƙusa an ja musu zane uku a gindi. Ta yi aure, ta haifi shida, ta binne miji, ba ta bar ƙusar nan ba. Ko gorar maganin feshi ce ta ƙare, sai ta zane ta.

Ita matan garinsu ke aikowa kasuwar Kontagora ta sayo musu maganin ciyawa a shagon wani Ladan. Daminar nan suka fesa, suka jira. Ciyawa ko kwanciya ba ta yi ba, sai ma ta shanye masara. Gonar mace goma sha ɗaya. Sai magana ta tashi wai Rhoda ce ta sirka da ruwa ta sayar da rabi. A coci aka bar mata benci ita kaɗai. Matar da ta karɓi haihuwar rabin garin, ita ce ɓarauniya.

Akwai gora ɗaya da ta rage, ba a ɓalle murfinta ba. Ta ɗauka za ta jefar, sai yatsanta ya ji kaushi. Zane uku. Gorarta ce ta bara, da ta sayar wa masu bin gida-gida suna sayen fanko.

Ta hau mota, sai shagon.

"Ladan, ɗana, wannan sabuwa ce?"

"Haba Mama, daga kamfani ta sauka, ko ƙuda bai taɓa ta ba."

"To ashe kamfanin ma ƙusata suke ara."

Ta kai ƙara. 'Yan sanda suka buɗe ɗakin bayan shagon, ga duron ruwa, ga kalar da yake zubawa yana cika tsofaffin goruna, ga fanko tuli, bakwai da zanenta. A kotu Ladan yana kuka wai yana da 'ya'ya. Na matan nan fa, duwatsu ne? Alƙali ya ba shi shekara biyu da tara, aka rufe shago, aka lalata kayan. Shekara biyu kacal, mutane sun ci kaka ba masara.

Matan suka zo ban haƙuri da kaza. Ta karɓi kazar, ta ba su ruwa suka sha. Da damina ta zagayo suka ce, "Yaya, yaushe za ki Kontagora?"

Ta ce, "Kowace ta je da ƙafarta."