Jirgin da Ba Shi da Igiya

Na daɗe a Guangzhou ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta da haɗa kaya. Na kai mutane wurare iri-iri, daga masu ɗinka wandon jins a Xintang har masu ƙera injin niƙa. Amma ban taɓa dawowa daga aiki raina a ɓace kamar ranar da na raka Honarabul ɗin yankinmu kallon jirgin ruwa ba. Na shiga ɗaki ko takalmi ban cire ba, sai ga muryar kakata Hajo a kunnena, matar da ta shekara da shekaru a ƙarƙashin ƙasa.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a bakin kogin Kwara, a ƙasar Yawuri. Kasuwa da asibiti da makarantar sakandare duk suna tsallake, don haka duk wanda aka haifa a can, rabin rayuwarsa a cikin kwale-kwale yake yi. Wutar Kaka kuwa ba ta jin ɗumi ba ce, ta bandar kifi ce. Da an sallame magariba za ta jera tarwaɗa da ƙarfasa a kan raga, ta tura ɗanyen icce, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida. Mu jikoki mu kewaye ta muna tari muna murza ido, babu mai tashi. Ni take kira maigida, tana cewa duk garin babu matar da ta yi rashin sa'ar miji irinta, ga ci ga ƙiwa.

Ba ta fara labari sai ta buga ludayi a bakin tukunya ta ce, “Wa ke son ƙetarewa?” Mu ce mu ne. Ta ce, “To ku shigo, kowa ya zauna tsakiya, kada wanda ya leƙa ruwa.”

Akwai wata al'ada a garinmu da ya kamata in faɗa. Kowane kwale-kwale yana jan igiya a bayansa, doguwa, mai ƙulli-ƙulli, da gora a ɗaure a ƙarshenta don kada ta nutse. Igiyar baya muke ce mata. Tana kwaso ciyawa, tana rage gudu, matuƙa suna tsaki a kanta kullum, amma ba mai kwance ta. An yi ta ne saboda wanda ya faɗa ruwa, ko daga jirginka ko daga na wani, ya sami abin kamawa. Labarin da Kaka ta fi yawan ba mu a kanta yake, kuma shi ne labarin da na fi tsana.

Wai an yi wani sarki mai son a kalle shi. Ya sa aka sare maɗacin da ya fi kowanne girma a ƙasarsa, aka sassaƙa masa jirgi. Ya ce a ɗaga gefensa ya fi tsawon mutum, a goge shi da man kaɗanya har mai wucewa ya ga fuskarsa a jiki. Aka lulluɓe goshin jirgin da tagulla, aka kafa rumfar jar fata a tsakiya, aka yi wa makaɗa wurin zama. Da aiki ya ƙare, masassaƙi ya ɗaura igiyar baya kamar yadda ya gada. Sarki ya zo dubawa ya ce wace ƙazamar wutsiya ce wannan? Aka yanke ta a gabansa.

Ran kasuwa sarki ya fito shan iska. Igiyar ruwan da jirginsa ya tayar ta kifar da kwale-kwalen wasu mata masu kai tukwane. Matan suka yi iyo suka nufi babban jirgi, tunda shi ne mafi kusa. Suka kai hannu, hannu ya zame a jikin mai. Matuƙa suka miƙo filafilai, ba su kai ba saboda tsawon gefen. Sarki yana cikin rumfa ana yi masa kiɗa, bai ma ji ba.

A nan Kaka takan juya kifi, ta kawar da kai wajen hayaƙi. Sai da na girma na san cewa mijinta, kakanmu, ruwa ne ya ci shi, kuma hayaƙin nan uzuri ne kawai na ɓoye hawaye.

A hanyar dawowa jirgin sarki ya daki dutse ya tsage. Babbar rigarsa ta sha ruwa tana jan sa ƙasa. Sai ga wata tsohuwa mai kamun kifi ta zo wucewa, wadda ɗiyarta tana cikin matan da suka nutse da safe. Sarki ya cafke igiyar bayanta. Ta ji nauyi, ta waiga, ta ga wanda ya kama. Ga wuƙar gyaran kifi a gefenta. Ta ɗauka.

“Ta yanke! Ta yanke!” Haka muke ihu, ni har da tashi tsaye.

Ba ta yanke ba. Ta ja shi har gaɓa tana zaginsa, shi da fadawansa da wanda ya naɗa masa rawani. Da shekara ta zagayo kuma sarki ya sa aka sassaƙa masa wani jirgin da ya fi na farko, shi ma babu igiya. Ƙarshen labarin ke nan. Kaka ta buga ludayi ta ce mun iso, kowa ya sauka da ƙafar dama.

Wata rana na kasa haƙuri na ce mata wannan ba tatsuniya ba ce, zalunci ne. Ta dube ni ta gefen ido.

“Kai maigida, kana tsammanin ni daɗin wanga labari nika ji? Mi ya fi shi ciwo? Amma in ta yanke yau don sarki ne, gobe wani ya yanke don ba ya shiri da uban wanda ya kama. Daga nan kowa ya riƙa duban fuska kafin ya ja. Zauna ka juya min kifi.”

Na zauna, amma ban yarda da ita ba.

Yanzu jiragen garinmu na inji ne, sun fi na da girma, ana kuma loda musu mutane da buhuna da babura har ruwa ya kusa taɓa baki. Idan irin wannan ya kife, igiya ɗaya ba ta isar kowa. Duk damina sai an yi zaman makoki. Ƙanwata Rabi tana da yarinya mai sunan Kaka, muna ce mata Hajiyayye, ta shiga sakandare, kullum sai ta ƙetare ta dawo. Shi ya sa mu 'yan garin da ke waje muka haɗa hannu, na sayi rigunan ceto, irin masu ruwan lemo da ke hana mutum nutsewa, manya da na yara. Suna jibge a sito a nan Guangzhou, abin da ya rage kawai hanyar kai su gida kafin kogi ya cika. Honarabul ya zo baje kolin bazara a Pazhou, yana da kwantena da za ta tashi a kan lokaci, ya kuma yi alkawarin ba mu kusurwa ɗaya a ciki. Saboda kusurwar nan na bar aikina ina bin sa da jaka.

Ranar ƙarshe ya ce in kai shi kudu, bakin teku, inda ake ajiye jiragen shaƙatawa na masu hali. An nuna masa hoton wani jirgi, yana so ya gani da ido.

Ba zan yi ƙarya ba, jirgin ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya fara ba ni haushi. Sabo ne fil, amma an ƙera shi da siffar jiragen zamanin da. Dogo ne siriri, ƙasansa shuɗi mai duhu, samansa fari, hawa uku, goshinsa a miƙe kamar bakin gatari. Tagoginsa zagayayyu ne da zoben tagulla. Daɓen katako ne mai ruwan zuma, an jera shi layi-layi, sai da muka cire takalma kafin mu taka. A sama akwai wani ƙaton bututun hayaƙi mai ɗan jirkicewa baya. Na tambayi lawban, wato shugabar wurin, wata mace mai gajeren gashi, ta yi dariya ta ce ado ne kawai, hayaƙi ta ƙasa yake fita, cikinsa na'urorin sadarwa aka ɓoye.

Ta shiga da mu falo. Kujerun fata, fitilun tagulla, bango duk katako mai sheƙi har kana ganin fuskarka. Teburin cin abinci an ɗaga masa baki don kada faranti ya zame. Ɗakunan kwana kowanne da banɗakinsa na marmara. Wurin matuƙi akwai sitiyarin katako irin na da, a gefensa kuma allunan kwamfuta, su ne ke yin aikin na gaskiya. Ta ce injuna biyu gare shi, yana da na'urar mai da ruwan teku ruwan sha, yana kuma da wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa da ke hana shi tangaɗi, ko shayi ba zai zube ba. Ina fassarawa ina tuna Hajiyayye a zaune kan buhun masara, ta rungume jakar makaranta, ruwa yana fallatso mata.

Abin da ya fi ci min rai shi ne da lawban ta ɗaga wata kujera. Rigunan ceto ne a ƙarƙashi, a ninke. Ta ɗaga ta gaba, su ne. Ta nuna wasu fararen ganguna a gefe, ta ce da sun taɓa ruwa za su buɗe su zama kwale-kwalen roba. Ga ƙaramin jirgi a goye a baya da ƙugiyar sauke shi, ga matakala da ke sauka har cikin ruwa. Jirgin da bai fi ɗaukar iyali ɗaya da baƙinsu ba, kayan ceton da ke cikinsa sun ishi rabin garinmu.

Honarabul ya gyara hula ya tsaya a bakin ƙarfe don in ɗauke shi hoto. Sai ya ga wata tayar ceto mai ruwan lemo a rataye a bayansa, da igiyarta a naɗe.

“Kai, gaya mata a cire min wannan abin, yana ɓata hoton.”

Na fassara. Lawban ta kaɗa hannu ta ce, “Meyo, meyo,” wato babu wannan maganar, doka ba ta yarda a taɓa ba. Ya matsa gefe, na ɗauke shi.

A mota ya ce falon nan ya shiga ransa, zai sa a yi masa irin kujerun da fitilun da katakon bango, ya kai gidansa na Abuja. Na ce, “Ranka ya daɗe, to kusurwarmu fa?”

“Ai ka ga yanzu wuri zai yi wuya.” Ya ci gaba da duba hotunansa. Can ya ce, “Sai dai abu ɗaya. In za a buga hotona da sunana a bayan kowace riga, a rubuta cewa ni na bayar, to sai in rage kujera biyu. Ka san zaɓe ya matso.”

Rigunan da masu gadi da masu tura baro da ɗalibai suka haɗu suka saya. Ko zare ɗaya nasa babu a ciki. Maganar da ta zo min baki, da na faɗe ta da direban ma sai ya taka birki. Na yi niyyar in ce a tsaya in sauka, ya je ya nemi wani tafintan, ya riƙe kwantenarsa. Na san daɗin da zan ji. Na kuma san babu wata kwantena da za ta isa gida kafin ruwa ya cika, na bincika wajen 'yan Kano da 'yan Maraɗi, duk nasu sai bayan damina.

Na ce, “To, ranka ya daɗe. Wane hoton za a sa?”

Ya zaɓi wanda na ɗauke shi a jirgin.

Ni da kaina na kai rigunan wajen masu buga tambari, ni na tsaya aka daidaita murmushinsa a tsakiyar baya. Ina tsaye ina zaginsa da Hausa a bainar jama'a, ma'aikatan suna ta yi min murmushi don ba sa ji. A nan na gane abin da Kaka ke nufi da zagin da tsohuwar ta yi tun daga tsakiyar kogi har gaɓa. Ina yaro na ɗauka tsohuwar ta yafe ne, shi ya sa na raina ta. Ashe ba ta yafe komai ba. Wuƙar tana hannunta, zuciyarta tana tafasa, ta dai ƙi bari fushinta ya zama sanadin nutsewar wani. Har yau ban ce labarin ya yi adalci ba. Sarki ya sami sabon jirgi, Honarabul ya sami falonsa, kuma na ji an ce har waƙa aka yi masa ranar rabon rigunan.

Da kogi ya cika, Rabi ta turo min bidiyo. Safiya ce, ruwa ya yi ja ya haura har gindin tsamiyar mashaya. Yara suna shiga jirgi, kowanne da rigarsa. Ga Hajiyayye ta juya baya tana neman wurin zama, fuskar Honarabul ta cika bayanta, yana murmushi, tagogin tagulla a bayansa. Jirgin ya tashi, sai na hango gora tana tsalle a kan ruwa, igiyar baya tana biye da su.

Na kalla har na gaji, raina bai daina ɓaci ba, kuma ba na so ya daina. Na san ranar da jirgin nan zai kife, Allah ya kiyaye, fuskarsa ce za ta fara tasowa a kan ruwa, ita masu ceto za su hango daga gaɓa. Na yarda, Kaka. Ta taso ɗin, in dai akwai yarinya mai numfashi a ƙarƙashinta.