Nishi a Bangon Ɗakin Haihuwa

Ban taɓa mantawa da ranar da aka tura ni duba wani sabon ƙaramin asibiti a wajen Kajiji ba. Lokacin ina mataimakin injiniya. Aikinmu shi ne tantance gini kafin a ba shi takardar shaidar kare muhalli: mu auna zafin ɗakuna, mu duba ruwa da wuta, da bishiyoyin da aka bari. In asibitin ya samu takardar, masu tallafi za su gina irinsa a wasu ƙauyukan Shagari da Bodinga.

Da azahar na iso a kan babur, ana tsakiyar bazara. Ginin ya burge ni. Bangon tubalin ƙasa ne mai kauri, ga sola a rufi, ga ƙananan kafofi a sama inda zafi ke fita. Ciki sanyi kamar randa. Amma gadajen babu kowa.

Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinyar wurin, ta ce, "Injiniya, mata sun bar zakkuwa haihuwa. Tsaya ka jiya."

Muka kasa kunne. Sai ga nishi a hankali, irin na mai naƙuda, daga bangon ɗakin haihuwa.

Na ce, "Iska ce a kafofin nan."

Ta nuna min taga. Ko ganye ba ya motsi.

Na bi sautin zuwa bayan ɗakin. A zanen ginin akwai tsohuwar tsamiya a nan, wadda ɗan kwangila ya yi alkawarin bari. Kututture na tarar, an ɗora masa tankin ruwa.

Na koma Sakkwato na gaya wa shugabana. Ya ce, "Zafi ya yi daidai, ruwa ya yi. Nishi na cikin ƙa'idojinmu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, babu. Amma bishiyar tana ciki."

Ya dakatar da takardar. Aka sauya wa tankin wuri, dattawan gari suka zo aka yi addu'a, aka dasa sababbin itatuwa. Nishin ya ɗauke, mata suka dawo, sannan muka ba da shaida.

Wasu abokan aikina sun ce bututun tankin ne. Mutanen gari suna da tasu maganar. Ni dai ban sani ba har yau. Abin da na koya shi ne, kafin ka fito da ma'auni, tambayi masu wuri me ke nan kafin a haƙa harsashi. Ginin da ake tsoron shiga kango ne, ko da sabo ne.