Mushe Isufu da Wayoyin Mutane

Shekara shida ke nan da muka kai Mushe Isufu (Mushe, yadda muke ce wa malamin boko) makwancinsa a bayan gari, amma har yau in na bi ta ƙofar kolejin da ya yi aiki kusa da Dungas, hannuna da kansa yake zuwa aljihu ya dafe waya. Taubashina ne, ɗan kawuna, don haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni. Da ni na riga shi, da ya yi mini wanda ya fi wannan.

Sirbeyan ne, mai sa ido kan ɗalibai. Mutum ɗan tsurut, in iska mai ƙarfi ta taso sai an riƙe shi, amma kunne, wane zomo! Waya ta yi motsi a ƙasan jakar yaro a aji na can ƙarshe, shi yana bakin rijiya yana alwala, sai ka ga ya ajiye buta. Abin da ya ƙwace a wata tsohuwar randa yake zubawa cikin biro ɗinsa, wato ofis, ya kife faifai a kai, sai uba ya zo da kansa ranar Juma'a ya karɓa.

Abin da ya manta shi ne, a lokacin wayar da ke hannun yaro ta gida ce duka. Ana ba shi ne ya kai ta shaji a gari, don ƙauye babu wuta. To sai randa ta fara kuka. Wannan yana kira daga ci-rani a Kano, waccan daga Magariya tana tambayar ranar suna. Mushe ya ce ba tarbiyya ba ce a bar mutum yana ta sallama ba a amsa ba, sai ya riƙa ɗauka da sunan makaranta: "Alo, lakwal ce, wa ake nema?" Kafin damina ya san wanda akuyarsa ta haihu a Yekuwa da wanda surukarsa ta yi fushi a Dogo-Dogo. In an tashi ya hau keke yana bi gida-gida yana isar da saƙo, ya ɗora nasa wa'azin a kai. Ni kaina ya ƙwace tawa a wajen ɗaurin aure, wai ta yi ƙara ana fatiha. Na ce, "Ni ɗalibinka ne?" Ya ce, "Da ɗalibina ne kai, da ka yi hankali."

Yau fa? Direkta da bakinsa yake cewa a zo da waya. Malamai sun buɗe gurup a waya, can suke tura darasi da tsofaffin tambayoyin jarabawa. Littafi ɗaya a aji, a ɗauki hotonsa, kowa ya samu. Da rana tsaka ka ga yara cincirindo a kan tudun bayan lakwal inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, hannaye sama kamar masu roƙon ruwa. Nakan tsayar da mashin in ce ina ma Mushe ya leƙo. Randa ba ta isarsa yanzu, sai dai rumbu.

Dariyar ta ƙare mini ne a kan ƴarsa Mariyama, da za ta zana birabe bana, jarabawar fita koleji. Duk ajin ita ce ba ta da waya. Sai ƙawa ta gama sannan ta leƙa, wani lokaci shaji ya mutu kafin a zo kanta. Uwarta Hadiza ta kafe: marigayi ya ce waya ba ta shiga jakar ƴarsa, ita kuma ba ta saɓa masa ba yana raye, ba ta farawa yana kwance. Yarinyar ta same ni a tasha, ido jajur. "Baba Sale, ka yi wa Inna magana."

Na je, na gyara zama a tabarma.

"Hadiza, ni na san Mushe tun bai san wando ba. Da yana nan, da kansa zai goya yarinyar nan har Magariya ya zaɓa mata waya mai faɗin tire."

"Shi ya aiko ka?"

"Wasa yake ƙi, Hadiza. Mutumin da ya tuƙa keke cikin rairayi don saƙon wani ya isa, shi zai bar darasi ya maƙale a hanya bai iso ga ƴarsa ba?"

Ta goge ido da gefen mayafi. Na ɗauka aiki ya gama, har na fara laluben takalmi.

"To Sale, tunda yau kai ne bakinsa, sai ka zama hannunsa. Ta aljihunka ai mai hoto ce."

Jama'a, ban san lokacin da na miƙa ba.

Yanzu daga safe zuwa tashi wayata tana lakwal tana karatu, ni kuma, ɗan kabu-kabu da furfura, ina tasha ina kiran fasinja da maƙogwaro. Mutane na cewa gadon Mushe shi ne yaran da ya tsare har suka zama mutane, kuma gaskiyarsu. Ni dai abin da zan iya shaida a gaban kowa, mutumin nan yana cikin ƙasa ya sake ƙwace mini waya, kuma ba ni da inda zan kai ƙara. Allah Ya jiƙanka, taubashi, Ya sa ka huta. Mariyama kuma Allah Ya sa ta ci birabe, don in ta faɗi, ni da kai akwai magana.