Ranar da Na Kira Sunan Ɗiyata ta Fari

Shekara goma sha biyu ina tare da ɗiyata ta fari, ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata. Kunyar ɗan fari ke nan, haka muka taras, ni kuwa wajen riƙon al'ada ba a bar ni a baya ba. Ƙannenta su hau cinyata, su ja mini ɗankwali, ita sai dai aike.

Sana'ata bandar kifi ce, a bakin ruwa kusa da Warra. Da yarinyar ta shiga sakandare sai ta fara ƙin abinci. Kullum da safe ciwon ciki, ban da Asabar da Lahadi. Ni da bakina ba ya shiru, na ce lalaci ne, na zazzage ta tas. Aka yi allurar zazzaɓi, aka sha rubutu, shiru kake ji. Sai rama take yi, ta zauna bayan ɗaki ta zuba wa ruwa ido. Ranar da ƙanenta ya ce mini ya ji Yaya tana cewa da ma ta kwanta kada ta farka, wallahi ko mayafi ban tsaya ɗauka ba.

Na ruga wurin Inna, mahaifiyata. Ni ma ɗiyarta ta fari ce, ba ma doguwar magana. Na ɗauka wani malamin za ta tura ni. Sai ta ce labarin zuciya a tambayi fuska, ita tuni ta ga ciwon yarinyar nan a rai yake.

"Je ki tambaye ta da bakinki," in ji Inna, tana kallon gefe. "Kunyar nan ni na koya miki, ni kuma na ce ki aje ta. In ba ki iya kallon idonta, ku sa aiki a gaba."

Haka na yi. Da masu kwalekwale suka dawo, na zaunar da ita gefena muna feɗe tarwaɗa, kowa idonsa kan wuƙarsa. Na yi gyaran murya har ya ishe ni. Sannan na kira ta da sunanta, na ce ta faɗa mini abin da ake yi mata, ba zan yi faɗa ba.

Wuƙar ta suɓuce mata. Ta yi kuka mai isarta kafin maganar ta fito. Ashe 'yan ajinsu toshe hanci suke yi in ta shigo, suna kiranta 'yar banda. Sun taɓa cusa mata kan kifi a jaka. Ba mai zama benci ɗaya da ita. Ta ce ta ɓoye ne don kada in ji haushin sana'ata. Ji fa, ni take tausayi!

Washegari na je makarantar da zanen bandata, ko canzawa ban yi ba. Malamarsu, Allah Ya saka mata, ta tsaya tsayin daka, ta kuma haɗa mu da wata ma'aikaciyar asibiti mai sauraron irin wannan damuwa. Sauƙi bai zo rana ɗaya ba, amma ya zo. Yanzu duk yamma muna feɗe kifi muna hira, ƙannen ma ina tambayarsu yadda aka wuni da su a aji.

Da ta fara cin tuwo har da neman ƙari, na je yi wa Inna godiya. Na durƙusa, na rasa ta ina zan fara. Tsohuwar ta daɗe tana kallona, ido cikin ido, sannan ta tambaye ni ko ni ma akwai abin da na taɓa ɓoye mata ina yarinya. Akwai. Har aka kira magariba muna zaune ina ba ta labari.