Gemun Mainasara

Mainasara taubashina ne, uwarsa ƙanwar babana ce, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da wurin kai ƙara. Kifin banda yake sayarwa a kasuwar Madarunfa, yana saye hannun masunta a bakin tabki. Mutum ne mai kirki, ba ya faɗa, ba ya cin amana. Abu guda Allah ya hana shi, wato gemu, kuma shi ne abin da ya fi so a duniya.

Haɓarsa sumul take kamar bayan ƙwarya. Ubansa haka ya rayu, kakansa ma haka, amma Mainasara ya ce shi ba gado ya zo ci ba. Tun yana saurayi wani ya hure masa kunne cewa in ana aske wuri, gashi yakan fusata ya fito da ƙarfi. Shi ke nan, ya kama Abarshi wanzami. Kowace Juma'a da hantsi za ka same shi gindin itacen bedi ya ɗaga haɓa sama, Abarshi ya buɗe zabira yana wasa aska, yana kankare abin da ido bai gani. Da ya gama sai ya shafa wurin ya ce ai ya fara kaushi. Mainasara ya tashi yana murmushi, ya wuce masallaci.

Na faɗa masa har na gaji. Aska ba taki ba ce. Gashin da aka yanke tsininsa aka cire, shi ya sa yake sukar hannu, amma ko sili ɗaya bai ƙaru ba. Matarsa Inde ma ta ce in aski na kawo gashi, da kawunan tsofaffin garin nan sun zama daji. Ya ce mu hassada ce ke cinmu.

Ku daina ganin kamar wasa ne, abin yana ci masa rai. Ranar da ya je lakwal, wato makarantar boko, kan maganar ɗiyarsa Bilki, wani sabon malami ya dube shi ya ce ya koma gida ya turo babansu. Mutumin da ya haura arba'in! Na yi dariya har na riƙe ciki, amma da na ga idonsa ya kaɗa, wallahi sai da na ji tausayinsa, na minti kaɗan dai.

To, bana aka zo neman auren Bilkin. Yaron ɗan gidan wasu masu manyan motoci ne a Ɗan Issa, kuma iyayensa maza duk gemu har ƙirji. Ranar gaisuwar farko suka shigo zaure, suka miƙa wa Mainasara hannu a tsaitsaye, suka zauna suna jiran maigida. Sai da na nuna shi da baki kafin suka gane. Sun ba da haƙuri, amma magana ta riga ta shige shi. Ya rantse ranar ɗaurin aure ba zai zauna gaban surukai da haɓar yara ba. Askin Juma'a ya koma na kullum, har wurin ya yi ja.

Ana cikin haka aka aiko wa Abarshi cewa yayansa ba lafiya a Gabi, ya ɗauki zabirarsa ya tafi jinya. Mainasara ya shiga uku. Na ce ga samari nan masu tondas, injin aski, bakin tasha, ya ce Allah ya kiyaye, hannun Abarshi ne gashin ya sani, baƙon ƙarfe zai kore shi. Ya naɗe haɓa da rawani, da zafin nan na bazara, yana zaune gaban kifi kamar mai ciwon haƙori. Kullum yana aika saƙo Gabi, kullum ana cewa sai jikin ya yi sauƙi, har makonni suka shuɗe aska ba ta taɓa haɓarsa ba.

Ranar ɗaurin aure da safe Inde ta aiko a kira ni, wai maigidan ya shiga ɗaki ya ƙi fitowa. Na same shi bakin gado, rawani a ƙasa, madubin Inde a hannunsa. Gemu ya fito. Ba mai yawa ba ne, ɗan tsiro ne irin na bunsuru, amma gemu ne, yana da tsawon da za a kama. Kuma fari fat, ko baƙin sili ɗaya babu.

Na buɗe baki zan yi abin da na saba, sai na fasa. Na ɗauko masa babbar riga. Da ƙyar na fito da shi.

Mutanen Ɗan Issa na hango shi suka miƙe. Ƙanin uban ango, wanda na tabbata ya girme shi, ya tuɓe takalmi ya durƙusa yana cewa barka da fitowa, Baba. Aka janye wani daga kan darduma aka zaunar da shi kusa da liman. Aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, aka raba goro.

Da jama'a ta watse na matsa na ce to, ango uban amarya, ai buri ya cika. Ya daɗe yana murza farin gashin nan tsakanin yatsu biyu.

"Tanko," ya ce, "ashe da can akwai shi. Baƙin nan da nike jira tun ina saurayi, ya zo. Ni na riƙa kai ma Abarshi shi yana zubarwa ƙasa."