Mai Tsaron Ƙofa a Zauren Malam

Ranar Laraba ce, bayan la'asar, inuwar masallaci ta kai bakin rijiya. Mu huɗu ne a zauren malaminmu a Wagini: shi Malam, da mai gari, da ladan, da ni. Sai na biyar ya yi sallama, tsohon da ke tsaron ƙofar wani ƙauye a gabas da mu. Kowa ya amsa, ban da ni.

Bari in faɗi abin bi da bi. Shekara huɗu kafin nan, mahara suka sauko daga arewa ana noman farko. Ƙa'idar garuruwanmu, idan aka buga gangar tsoro, ba a tura ƙyaure sai na gona na ƙarshe ya shiga. Ƙanena yana noma kusa da ƙauyen su tsohon. Ya sheƙo da gudu, saura kaɗan ya isa, tsohon nan ya rufe ƙofa ya danne ta da gungume. A gindin ganuwa aka kama shi, mutanen ƙauyen suna leƙe ta kafa. Har yau ba labarinsa.

Tun daga ranar nake faɗa a kasuwar Batsari cewa Allah zai shafe ƙauyen nan. Da aka shiga fari, geronsu ne ya fara ƙonewa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Daga baya farin ya iso gonakinmu. Aka sa ranar fita roƙon ruwa gaba ɗaya, kuma a al'adarmu sai kowa ya nemi gafarar wanda ya cuta kafin a fita. Abin da ya kawo tsohon ke nan.

Ya durƙusa ya ce, "Ɗana, mata da yara ne a bayana. Na ga dawaki, hannuna ya riga hankalina."

Na ce, "Ni ba ɗanka ba ne. Naka yana ciki lokacin da ka rufe."

Mai gari ya ce, "Kai dai ka ce ka yafe mu tashi, dawa na mutuwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na riƙe hadarin ba."

Nan Malam ya ɗauko labarin Annabi Yunusa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Da farko ya gargaɗi mutanensa, suka ƙi. Sannan ya sanar da su azaba na tafe, ya fita cikin fushi tun ba a ba shi izini ba. Da suka ga alama, suka fita fili, suka raba uwaye da 'ya'yansu, na mutum da na dabba, suna kuka har Allah Ya ɗauke musu. Malam ya dube ni ya ce, "Wanda ya kwana cikin kifi, ka lura, ba mutanen garin ba ne."

Na ce, "Allah gafarta Malam, kai ka koya mana haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe."

Ya ce, "Haka ne. Haƙƙinka na nan. Amma ruwa ba naka ba ne."

Ban yafe ba. Na ɗauki takalmana na fita, tsohon yana nan durƙushe.

Kwana uku mutane suna fita roƙon ruwa, riguna a juye, maruƙa ɗaure nesa da shanu suna ta kuka. Ina gida. Rana ta uku da azahar hadari ya taso, kuma daga gabas ya taso. Ƙauyen su tsohon ya fara jiƙa kafin ɗigo ya taɓa rufina. Geron da na ce ya mutu ya farfaɗo, suka cika rumbu.

Abu biyu na gane. Na ɗaya, Allah Yana karɓar tuban gari ba tare da Ya tambaye ni ba. Na biyu, shekara huɗu ina kiran fushina hukuncin Allah. Ganewar ba ta sanyaya mini rai ba. Tsohon ya rasu bayan damina biyu, ban je jana'izarsa ba, kuma har yanzu nakan kewaye ƙauyen idan zan je Safana, ko da tafiyar za ta ƙaru.

Yanzu na kai shekarunsa. Kai da ke karanta wannan, kada ka zo mini da wa'azi, wanda ya fi ka ya yi. Idan ka idar da salla, ka roƙa mini Allah Ya ba ni ikon furta kalmar da na hana tsohon nan, tun ina da baki.