Wa Ya Tura Malam Hamidu Tsallake?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina kasuwar kifi ta Yelwa da hantsi, ina zaɓen karfasa, sai wani ɗan kabu-kabu, tsohon ɗalibin makarantarmu, ya tsaya gefena ko mashin bai kashe ba. Ya ce, "Malama Hadiza, kin jiya? Jirgin da yat taso daga tsallake ya daki kututture, ya nutse. Malam Hamidu na ciki." Ban san yadda na isa bakin ruwa ba. Sai bayan la'asar masunta suka fito da shi, muka raka shi makwancinsa kafin faɗuwar rana.

Malam Hamidu shi ya koya mini Turanci a sakandare, daga baya na dawo na koyar tare da shi a makarantar da ya raine ni. Mutum ne mai sanyin murya, mai tsabtar tufafi, wanda ban taɓa ganin ya ɗaga bulala ba. Idan lokacin kamun kifi ya kankama yaran masunta suka daina zuwa aji, da ƙafarsa yake bin su gida-gida yana lallashin iyaye. Sai dai ba ya matsawa kusa da gaɓa, daga nesa yake kira. Duk Yelwa ta san Malam bai iya iyo ba, kuma yana tsoron ruwa. Mukan tsokane shi mu ce wane irin ɗan Yauri ne wannan. Yakan yi murmushi ya ce, "Ni da ruwa amana muka ƙulla. Ni in sha shi a moɗa, shi ya bar ni a tudu."

Ɗalibai sun sa masa suna Malam Ina-Bi, saboda wani darasi da ya fi ƙauna. Darasin yadda Bature ke faɗin abin da za a yi masa ne, ko abin da ya kamata a yi masa, ba tare da ya ambaci mai yin ba. Mu da Hausa sai mu ce za a kira ni, ya kamata a gaya mini, mun gama. Shi kuwa Bature sai ya sa kansa a gaba, ya kawo will ko must ko should ko can, sannan ya saka be, kafin aikin ya biyo. "I will be called." "I should be told." Yaranmu kullum wannan be ɗin suke yarwa a hanya. Yaro na son ya ce za a hukunta shi, sai ya rubuta "I will punish", ya mai da kansa mai hukunci. Malam sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ina be ɗin, ɗana? Ka bar shi a gida, ga shi ka tashi daga ɓarawo ka koma alƙali."

Bai tsaya ga ƙa'ida kaɗai ba. Yakan ce mana Bature na wannan salon ne idan yana son ya yi ƙorafi ba tare da ya nuna kowa da yatsa ba, ko idan yana son ya nemi haƙƙinsa cikin ladabi. Yakan ƙara da cewa akwai kuma mai amfani da shi don ya wanke hannunsa. Saboda haka duk jimla irin wannan da ya rubuta a allo, sai ya juyo ya tambayi aji wa zai yi aikin. "Mai aiki bai mutu ba," in ji shi, "laɓewa ya yi."

Wannan darasi ne ya jawo masa ƙiyayyar Alhaji Tanko, mai duba makarantun yankinmu. Dattawa sun roƙe ni kada in sa sunansa a rubutun nan. Na ji roƙonsu da girmamawa, amma ban karɓa ba.

Wata safiya Alhaji Tanko ya zo makarantarmu, ya tarar ba a share masa wurin ajiye mota ba. Ya sa aka tara ɗalibai da malamai a fili, ya hau baranda yana faɗa, har ya buga ƙirji ya ce, "I must respect in this school!" Nufinsa dole a girmama shi, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne dole shi ya girmama. Wata yarinya 'yar aji huɗu, da zuciya ɗaya, ta ɗaga hannu ta tambaye shi da Turanci mai kyau wa zai girmama. Fili ya ɓarke da dariya. Ina tsaye kusa da Malam Hamidu, na rantse ko murmushi bai yi ba, ƙasa ya duba. Da aka watse ma shi ya bi Alhaji har mota yana ba shi haƙuri a madadin yarinyar. Alhaji ya dube shi ya ce, "Kai ka koya musu, ko? To, za ka koyar inda ba mai jin dariyarka."

Kafin ƙarshen zangon aka ɗauke Malam daga Yelwa aka kai shi wata 'yar makaranta a tsallaken ruwa, ta wajen Ngaski, inda ba a zuwa sai da jirgi. Dattijo ne da ya kusa ritaya, ga ciwon gwiwa, ga iyali a Yelwa. Alhaji Tanko ya san tsoron ruwan nan kamar yadda kowa ya sani, don a ɗakin malamai ya sha yin dariyarsa tare da mu. Mun je mun roƙe shi, mu malamai, ya ce daga sama abin ya zo. Liman ya je, Alhaji ya ce masa an riga an gama.

Ranar da Malam ke kwashe littattafansa na same shi ina kuka don takaici. Ya ce mini, "Hadiza, ma'aikaci ne ni. I may be sent anywhere." Wato ana iya tura shi ko'ina. Na ce, "Malam, wa zai tura ka? Kai ka koya mana mu tambaya." Ya ce, "Wani ladabi ke sa shi ɓoye mai aikin, wani kuma tsoro. Ki shaide ni, nawa ladabi ne." Tun daga nan kowane ƙarshen mako yake shiga jirgi ya zo ganin iyalinsa, yana riƙe da gefen katako da hannu biyu, idonsa a rufe. Masu jirgi sun ce bai taɓa ƙetarewa ba tare da leɓɓansa na motsi da addu'a ba.

Na yi imani da ƙaddara, na kuma san ajali ba ya jinkiri. Amma wanda ya tura mutum bakin rijiya da gangan ba shi da bakin cewa ƙafarsa ce ta zame.

Ranar sadakar uku ina zaune a ɗaki tare da Inna Asabe, matar marigayin, sai aka yi sallama aka ce Alhaji Tanko ya zo ta'aziyya. Ya tsaya bakin ƙofa cikin babbar riga, ya yi addu'a gajera. Da ya ga yadda mata suka zuba masa ido ba wadda ta amsa, sai ya juya ga wani malami da ya rako shi, ya ce da Turanci don kada Inna ta ji, "I cannot be blamed." Wannan karon bai yar da be ɗin ba. Ashe ya koyi darasin, sai da Malam ya shiga ƙasa ya yi amfani da shi.

Inna ba ta yi boko ba, amma ta gane don ita aka juya harshe. Ta taɓa ni ta ce, "Hadiza, mi yac ce?"

Na ce, "Inna, cewa ya yi ba za a iya ɗora masa laifi ba."

Ta ɗago kai, ta gyara mayafinta. "Wa ab ba ya iyawa? Ni ina iyawa. Tanko, kai kat tura shi. Ka san ba ya son ruwa, kat tura shi. Ni Asabe na ɗora maka, kuma ban yahe ba."

Alhaji ya juya ya fita har takalminsa ɗaya na zamewa, ba wanda ya raka shi ko zaure.

Ni ma ban yafe ba, Alhaji, kuma ba zan bari maganar ta kwanta ba. Ajin Malam ni ke riƙe da shi yanzu. Duk shekarar da muka iso wannan darasi, jimlarka ta bakin ƙofa zan rubuta a allo, in gaya wa yara wanda ya faɗe ta, da gidan da ya faɗe ta, da abin da matar gidan ta amsa. 'Ya'yan masunta da 'ya'yan 'yan kasuwa za su fita da sunanka a bakinsu, su kai shi Shanga, su kai shi Birnin Yauri. Ka nemi a girmama ka da ƙarfi, wannan shi ne rabonka daga gare mu.

Ya Allah, Ka jiƙan Malam Hamidu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka karɓe shi cikin shahidai tare da duk waɗanda suka nutse da shi a jirgin nan. Ka haskaka kabarinsa, Ka sa abin da ya koyar ya zame masa sadaka mai gudana. Ka ba Inna Asabe da 'ya'yanta haƙuri da dangana, Ka zame musu gata. Shi kuma wanda ya tura shi, ya Allah, Ka fi mu sanin sunansa da abin da ke zuciyarsa ranar da ya yi. Mun bar Ka da shi, kuma muna roƙon Ka nuna mana sakayyar da idonmu tun a nan duniya. Amin.